Ranar da Na Ce wa Kawu Ya Kwanta a Taɓo

Shekarun baya, lokacin ina ajin ƙarshe a wata jami'a da ke unguwar Tianhe a birnin Guangzhou na ƙasar China, wata 'yar ƙarya da na daɗe ina kiwo ta girma ta juyo kaina. Yau na ga gara in ba ku labarin da bakina, domin waɗanda abin ya shafa sun daɗe da yafewa, kuma idan na bar musu su bayar, gishirin da za su ƙara ba kaɗan ba ne.

Wanda ya san ni a lokacin ya san ni mutum ne mai jiki, kuma ba na wasa da kwano. Ɗakina a hawa na shida yake, duk ranar da lif ya lalace sai na yada zango sau biyu a bene kafin in kai. Mahaifiyata kuwa kullum muka yi waya maganarta ɗaya ce: "Kana dai motsa jiki ko? Na ga wuyanka ya fara ninkewa." To a shekarata ta farko makaranta ta kwashe mu a bas zuwa gindin wani dutse can arewa da gari, tafiyar awa biyu da wani abu. Sauran ɗalibai suka hau. Ni kuwa na samu inuwa a ƙasa na zauna, da riguna uku a jakata, kada ku tambaye ni yadda aka yi suka shiga. Na yi ta canza riga ina ɗaukar hoto, dutsen yana bayana. Hotunan nan na yi ta tsakura ina tura mata ɗaya bayan ɗaya har shekara uku, kowanne da rubutu a ƙasa: "Umma, yau ma mun hau." Ita kuma baiwar Allah ta yi ta nuna wa maƙwabta, har aka san ni a layinmu da mai hawan dutse.

A wannan shekarar ta ƙarshe ne wani malamina ya samo min gurbin ƙaro karatu na shekara biyu. Ina son abin nan kamar raina. Sai dai a gida an riga an share min kujera a shagon kawuna, yayan mahaifiyata, wanda shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifina. A danginmu idan Kawu ya yi magana taro ya tashi. Shi a ganinsa bokon ya isa haka, yaro ya dawo ya koyi kasuwa tun yana da ƙarfin koya masa. Mahaifiyata tana tsakiya, ba ta son ɓata wa yayanta, ba ta son karya min zuciya. Daga ƙarshe ta yanke shawara: tunda Kawu zai zo Guangzhou saro kaya da kansa a karon farko, ya gan ni, ya ga irin zaman da nake yi. "Abin da Yaya ya dawo ya faɗa, shi za a yi," in ji ta. "Kai dai ka kama kanka."

Kwana huɗu na kama kaina. Ni ne ɗaukar jaka a kasuwar tufafi ta Shisanhang, ni ne tafinta, ni ne neman inda za a yi alwala. Tare muke yawo da aminin Kawu, wani Alhaji ɗan Maraɗi mai jefa Faransanci a Hausarsa, wanda ya shekara goma sha yana zuwa garin. Babu benen da bai sani ba a unguwar Xiaobei, matattarar baƙin 'yan kasuwa, babu mai shagon da bai taɓa kira "lawban" ba, wato maigida, amma bayan kasuwa da masauki da filin jirgi ƙafarsa ba ta taɓa taka ko'ina a ƙasar ba. Komai yana tafiya daidai, har na fara hango kaina a aji na gaba.

Ranar Alhamis muna cin tuwon shinkafa a wani gidan abinci a Xiaobei, Kawu ya share hannu ya zaro waya, ya miƙo min. Sai ga ni a jar riga, na ɗaga yatsu biyu, dutse a bayana.

"Jibi Asabar ka kai mu dutsen nan naka," ya ce. "Uwarka ta ce lallai in hau in gano mata da idona."

Na ce, "Kawu, ai da nisa."

"Kai da kake zuwa duk sati?"

Alhaji ya tafa hannu. "Bon, ni ma da ni za a tahi. Shekara goma sha ina ganin siminti, in ga haki ko sau guda."

Na ce to. Wannan kalma ta "to" ita ce babbar sana'ata a gaban manya, kuma za ku ga inda ta kai mu.

Washegari bayan sallar Juma'a na ruga wajen abokina, wani ɗan China da muke aji ɗaya, wanda hawan duwatsu shi ne abin da ya fi so a duniya. Na zayyane masa komai. Sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce ba zai samu raka mu ba, zai tafi ƙauyensu. Amma ya yago takarda biyu ya zauna ya rubuta min jagorar hanya da Turanci mai sauƙi, har da zane. Jirgin ƙasa zuwa tashar ƙarshe, daga nan bas zuwa wani ƙauye. A bakin ƙauyen akwai tsohuwa mai ba da hayar dogon takalmin roba na shiga ruwa, kowa ya karɓa, a kuma karɓi sandar gora. A bi matakalar da ta ratsa dajin gora, inda hanya ta rabu a nemi jan ƙyalle da masu hawa ke ɗaurawa a reshe. Sai ya zo kan maganar saman dutsen, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta. Ya ce can sama fili ne shimfiɗaɗɗe, amma rabinsa taɓo ne da ciyawa ta rufe. Inda ka ga kore shar, lumui, mai kyan gani, kada ka taka. Ka bi ta kan tushen ciyawa mai kaushi, busasshiya, mummuna, kana caka sanda kafin kowane taku. A ƙasa ya ƙara abin da za a yi idan mutum ya nutse. Na ce masa wannan sashen ba za mu buƙace shi ba. Ya dube ni ya ci gaba da rubutu.

Na ninke takardar na cusa a aljihu da niyyar kada kowa ya gan ta. Mai hawa duk sati ba ya yawo da takarda.

Da safiyar Asabar na isa masauki na tarar da su sun shirya. A wurinmu fita yawon buɗe ido ado ake yi mata, tunda za a yi hoto a tura gida. Kawu ya sha farar shadda sabuwa fil, guga har tana ɗaukar ido, da hula zanna da takalmin fata sau-ciki. Alhaji ya zuba babbar riga ruwan sararin samaniya, ya naɗa rawani, yana ƙamshin turare. An haɗa fulas ɗin shayi, da kilishi, da tabarmar roba, da dadduma uku, duk an jingine min a bakin ƙofa.

Na ce, "Kawu, anya shaddar nan..."

"Me ta yi?"

"Ta yi kyau ƙwarai."

A bakin ƙauyen muka tarar da tsohuwar, daidai inda takarda ta ce. Tana ganin ƙafafunmu ta miƙe tsaye. Ta nuna takalmin Kawu, ta nuna saman dutse, ta girgiza kai, ta ɗauko takalmin roba tana miƙo masa. Kawu ya yi murmushin wanda ya shekara arba'in a kasuwa. "Ka ga 'yan kasuwa ko'ina halinmu ɗaya. Ce mata mun gode." Alhaji ya ɗaga mata hannu yana cewa "Sheshe, sheshe, meyo," wato mun gode, babu. Tsohuwar ta juyo kaina da Sinanci, ta ce an kwana uku ana ruwa a sama, in gaya wa iyayena. Kawu ya tambaye ni me ta ce. Na ce tana yi mana fatan sauka lafiya. Sandar gora ɗaya kawai na iya karɓa, ita ma na ce don ɗaukar hoto ce.

Nan muka fara hawa, kuma nan na gane wata matsala da abokina bai sa a takarda ba. Ni ne jagora, amma tarbiyyar da aka yi min ba ta yarda in wuce gaban Kawu ba. Don haka shi yana gaba, Alhaji na biye, jagora yana can baya da fulas da tabarma. Idan na hango hanya za ta rabu sai in durƙusa kamar ina ɗaure igiyar takalmi, in saci kallon takarda, in taso in yi gyaran murya in ce, "Ina ga kamar ta dama ta fi inuwa." Igiyar takalmin nan ta kwance ta fi sau goma. Da Alhaji ya lura da jajayen ƙyallayen da ke rataye a rassa, sai ya ja ya tsaya.

"Kai yaro, wanga jan tsumma na mine ne? Ba dai wurin tsahinsu ka kawo mu ba?"

Na rantse masa alamar hanya ce. Bai yarda duka ba, domin duk wanda muka wuce sai na ji yana karanta wani abu ƙasa-ƙasa.

Abin kunyar shi ne, dattawan nan biyu sun fi ni ƙafa. Kawu ya haura sittin amma tafiya yake kamar zai je masallaci an tayar da iƙama. Ni kuwa gumi ya jiƙa ni sharkaf, numfashina har tsuntsaye yake kora. Ya waiwayo ya ce, "Mai hawa duk sati ne ke haki haka?" Na ce kayan ne suka yi nauyi. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba.

Wajen ƙarfe ɗaya muka fito daga cikin gora, sai ga saman dutsen. Gaskiya ko ni sai da na manta da gajiya. Fili ne iya ganinka, iska mai sanyi tana kaɗawa, gajimare yana wucewa kusa da kai. Hanyar da jan ƙyalle ya nuna ta bi ta gefe, cikin wata ciyawa ja-ja mai kaushi da duwatsu. A tsakiya kuwa ga wani wuri kore shar, lumui, ko tsinke babu. Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ikon Allah. A ce makiyayanmu su samu irin wannan ko na wata ɗaya." Muryarsa har ta ɗan canza. Sannan ya dubi agogo ya ce azahar ta yi, kuma bai ga inda ya dace da salla kamar tsakiyar koren nan ba.

Layi biyun da abokina ya ja suna nan a aljihuna, har ji nake kamar suna ƙona min cinya. Abin da ya kamata in ce gajere ne: Kawu, kada ka taka, taɓo ne. Amma tunda aka haife ni ban taɓa ce wa Kawu "kada" ba. Kuma ga amininsa a tsaye, gyara wa babba magana a gaban baƙo ba ƙaramin abu ba ne. Sai na bi ta bayan gida, yadda muka saba.

"Kawu, da an ɗan ƙara gaba, wataƙila a samu wuri mai tauri. Wani lokaci irin wuraren nan sukan ɗan riƙe danshi."

Ya dube ni kamar na ce rana daga yamma take fitowa. "Danshi a bisa dutse? Kai, boko bai gaya maka ruwa gangarowa yake yi ba? Fadama a kwari take. Ka taɓa ganin taɓo a kan Dala?"

Alhaji ya ce, "Walaa. Ko wurinmu tudu tudu ne."

Maganarsu kuma gaskiya ce, a ƙasarmu. Duk dutsen da suka taɓa sani ƙeƙasasshe ne, ana ɗauke ruwa ya bushe. Na ce, "To, Kawu."

Muka yi alwala da ruwan robar da muka taho da shi a kan wani falalen dutse. Kawu ya mayar da takalmi, ya saɓa dadduma a kafaɗa, ya nufi koren nan da takunsa na ƙasaita. Taku na farko lafiya. Na biyu ƙasa ta ɗan lotsa. A na huɗu na ji wani sauti kamar an zare muciya daga tukunyar tuwo, sai na ga Kawu ya rage tsawo. Kafin ya gama salati ya kai gwiwa.

"Subhanallahi! Tsaya nan, mutumina, ina zuwa!" in ji Alhaji, ya tattare babbar riga ya afka. Ya kai kusa da shi kamar taku biyu, shi ma ƙasa ta karɓe shi. Rigar ta baje a kan ciyawa ta kewaye shi, ya zama kamar an kifa lema.

Yanzu ina iya dariya. A lokacin babu abin dariya, don kuwa duk yunƙurin da Kawu ya yi na zaro ƙafa ɗaya, ɗayar ce ke ƙara shigewa. Ina kallo baƙin ruwa ya haura gwiwarsa ya doshi cinya. Babu kowa a wurin sai mu, wayata babu sabis, gajimaren da nake yaba kyansa ya fara saukowa. Na zaro takardar a gabansu, asiri ya tonu ko kada ya tonu. Sashen da na ce ba za mu buƙata ba ya ce: kada ya yi kokawa da taɓo, ya kwanta da baya ya baje hannuwa, a shimfiɗa wani abu mai faɗi, a jawo shi a kwance a hankali.

Na dubi farar shadda, na dubi taɓo. Ko a nan sai da hali ya yi halinsa.

"Kawu, da za a daure a ɗan kishingiɗa..."

"A ɗan me? Miƙo min sandar nan, sakarai!" Ya sake yunƙurawa, ya ƙara nutsewa har kusan ƙugu. Hularsa ta faɗi. Na ga fuskarsa, kuma a karon farko a rayuwata na ga tsoro a cikinta.

Ban san lokacin da muryar ta fito ba. "Kawu, daina motsi! Na ce ka daina! Kwanta da baya, yanzu!"

Alhaji ya saki baki yana kallona. Ni kaina sai da na waiwaya in ga ko wani ne ya yi maganar. Kawu ya zuba min ido na ɗan lokaci, sannan a hankali, kamar mai gwada sabuwar katifa, ya kwanta da farar shaddarsa a cikin taɓo ya baje hannuwa.

Daga nan kuma bakina ya buɗe, har ya so ya wuce gona da iri. "Alhaji, kai ma kwanta. Warware rawanin ka jefo min bakinsa." Ya ce, "Rawanin nawa?" Na ce, "Shi fa." Na bi ta kan mummunar ciyawar nan ina caka sanda har na matso kusa, na shimfiɗa tabarmar roba, na kwanta rub da ciki a kanta. Alhaji bai yi nisa ba, da sanda na jawo shi ya rarrafo. Sannan muka jefa wa Kawu rawani ya naɗe a hannu, mu biyu muka yi ta ja kaɗan-kaɗan, ina ba da umarni kamar ɗan kwangila: karkaɗa ƙafar hagu, a hankali, kada ka tashi zaune, na ce kada ka tashi. Nauyin jikina da ake yi wa gori ranar ya yi rana, don da ni siriri ne da tare za mu tafi. Mun fi rabin awa kafin taɓon ya sake shi, kuma bai sake shi kyauta ba, sai da ya riƙe takalmi ƙafa ɗaya.

Muka zube a kan falalen dutse muna mayar da numfashi. Babu mai iya gane kalar kayan kowa. Alhaji ya ɗaga ƙafar wando ya ga matsattsaku biyu sun maƙale masa a ƙwauri, ya yi wata ƙara da ban taɓa zaton tana jikin mutum mai gemu ba. Muka wanke abin da zai wanku da sauran ruwa, muka yi sallarmu a kan dutsen, inda ya kamata mu yi ta tun farko.

Bayan sallama Kawu ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. Na san abin da yake nufi, na ba shi takardar. Ya jujjuya ta, ya dawo min da ita.

"Karanta min. Daga farko."

Na karanta ina fassarawa. Takalmin roba. Tsohuwa. Jan ƙyalle. Da na zo kan layi biyun nan muryata ta yi ƙasa, ya ce in ɗaga. Na ɗaga: inda ka ga kore shar, kada ka taka.

"Tun yaushe takardar nan take aljihunka?"

"Tun jiya, Kawu."

"Sau nawa ka hau dutsen nan?"

"Da na yau, ɗaya."

Alhaji ya yi wani tari da na tabbata dariya ce ya haɗiye. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ƙaryar hoto tsakaninka da uwarka ce, ku kuka sani. Amma kana tsaye, ka san ramin nan yana nan, ka bar ni na shiga."

"Na ji nauyi ne, Kawu."

"Nauyi." Ya maimaita kalmar yana kallon ƙafarsa marar takalmi. A raina na ce shi ke nan, karatu ya ƙare, in fara koyon auna yadi.

Da muka tashi sauka na koma bayansu yadda na saba. Kawu ya tsaya ya nuna gaba da haɓa. "Wuce. Kai ke da takarda." Haka na shiga gaba, ina caka sanda ina cewa a taka nan, kada a taka can, dattawa biyu suna bina sawu da sawu. Na ba Kawu kambas ɗina, ni na sauko da safa. Da muka iso ƙauyen tsohuwar tana nan zaune. Ta dube mu daga sama har ƙasa, ta shiga ciki ta fito da bokitin ruwa da silifas. Kawu ya ce in gaya mata da Sinanci cewa ita ce mai gaskiya, kuma in faɗa daidai, ba irin fassarar safe ba.

A jirgin ƙasa kuwa, duk cunkoson Asabar, mu uku mun samu fili har da na miƙe ƙafa.

Mun isa masauki bayan magariba. Ko wanka Kawu bai yi ba ya ce in kira masa mahaifiyata, in sa yadda kowa zai ji. Na kira, na ajiye wayar a kan tebur, na koma bakin ƙofa na rakuɓe.

"Yaya, kun hau dutsen?" Muryarta cike da murna.

"Mun hau. Har mun shiga cikinsa."

"To ya ka ga yaron nawa?"

Kawu ya dubo ni a bakin ƙofa.

"Ki bar shi ya ƙarasa karatunsa," ya ce. "Idan na kai shi shago yanzu, yana kallo za a sayar min da ruɓaɓɓen kaya, ya san ruɓaɓɓe ne, ya ce min 'to, Kawu.' Masu ce min to sun cika min shago, ba na neman ƙari. Yau dai na ji ya buɗe baki sau ɗaya, kuma da bai buɗe ba da yanzu wani zancen ake yi. Ya zauna wajen mutanen nan masu rubuta gaskiya a takarda, ko bakin nasa ya ƙarasa buɗewa."

Mahaifiyata ta ce, "Ban gane ba, Yaya. Me ya faru?"

"Shi zai gaya miki. Har da maganar hotuna." Ya turo min wayar, ya ɗauki tawul ya shige banɗaki. Abin da Umma ta faɗa min a wannan wayar ba zan rubuta shi a nan ba, amma ta yi kusan awa ɗaya, kuma ban katse ta ba.

Na yi shekara biyun nan, na gama, na dawo gida. Abin da na ɗauko daga saman dutsen ya fi abin da na ɗauko a aji zama a jikina. An raine mu a kan cewa girmama babba shi ne ka yi shiru, kuma har gobe ina ganin kyan hakan a wurare da yawa. Amma ranar na gane cewa wani shirun kaina nake karewa da shi. Ina tsoron a ce min marar kunya, sai na gwammace mutumin da ya raine ni ya nutse, ni dai in fita da sunan yaron kirki. Duk lokacin da na tuna fuskarsa a cikin ruwan nan, dariyar takan ɗauke min.

Bara idon Kawu ya yi rauni sosai, amma ya dage sai ya ci gaba da tuƙa kansa zuwa kasuwa. Sau biyu yana goga mota a jikin katanga, sau ɗaya ya kusa taka mai keke. 'Ya'yansa takwas, manya da iyalansu, kowa ya sani, kowa yana cewa Allah ya kiyaye. Daga ƙarshe babbar 'yarsa ta kira ni a waya ta ce, "Don Allah ka zo, kai ne kake iyawa."

Ba iyawa nake yi ba. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, muka taɓa hirar kasuwa. Sannan na ce, "Kawu, ba ni makullin motar. Daga yau ba za ka ƙara tuƙi ba. Ni zan riƙa kai ka, ranar da ba ni da hali in turo wani."

Ya daɗe yana kallon inda nake, don na san ba ya ganina sosai. Ya sa hannu a aljihu, ya lalubo makullin, ya kamo hannuna ya danƙa min, bai saki hannun ba.

"Duk gidan nan kai kaɗai ne marar kunya," ya ce. "Allah ya yi maka albarka. Ƙarfe takwas nake fita, kada ka makara."